Wuƙa, Katako da Dutse: Yadda Masu Zanen Turai Suka Buga Soyayya a Takarda

A shekarar 1898, masu karɓar mujallar adabi da zane-zane ta birnin Balin mai suna Pan suka buɗe wata fitowarta, sai ga wani hoto mai launi an saka shi a tsakanin shafuka. Tsawonsa wajen santimita 27 ne. Fuskoki biyu ne an zana su ta gefe, idanu a lumshe, leɓe ya taɓa leɓe. Babu jiki, babu tufafi, babu ɗaki, babu ko reshen itace da zai gaya maka inda suke. Duk sauran filin takardar gashi ne ya cinye shi: na ɗaya mai duhu, na ɗayan mai ɗan haske, sun tashi daga kawunan suna murɗewa suna shiga juna, har ido ya kasa bin sili ɗaya daga tushensa zuwa ƙarshensa. Sunan hoton Sumba. Wanda ya yi shi kuma wani ɗan birnin Hambug ne mai shekara 30, Peter Behrens.

Wannan ɗan hoto ya zama ɗaya daga cikin tambarin salon da Faransawa ke kira Art Nouveau, Jamusawa kuma Jugendstil, wanda ya yi tashe a Turai daga wajajen 1890 zuwa 1910. Ana gane salon da layinsa mai lanƙwasa, irin na tsiro mai yaɗo, da hayaƙi, da gashin mace. Ya shiga gine-gine, da kujeru, da kayan ado, har da ƙofofin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Faris. Sunansa na Faransanci ya bazu ne daga wani shagon kayan zane da Siegfried Bing ya buɗe a Faris a watan Disamba na 1895, na Jamusancin kuwa daga mujallar Jugend da aka kafa a Munik a 1896. Amma inda salon ya fi buɗe cikinsa game da abin da ke tsakanin namiji da mace shi ne hotunan da aka buga a takarda da katako ko dutse ko tagulla.

Akwai dalili. Mai fenti yana da wurin ɓuya. Idan bai so ya faɗi magana ƙarara, sai ya laɓe a cikin inuwa da dishi-dishin launi. Mai sassaƙa katako ba shi da wannan dama, wuƙarsa ko dai ta cire ko ta bari. Saboda haka duk wanda ya ɗauki wuƙa zai sassaƙa mutum biyu rungume da juna, tilas ya yanke shawara a kan abu guda: a ina wannan ya ƙare, a ina wancan ya fara? A ganina, a nan ya kamata mai kallo ya fara kai idonsa. Abin da kowane mai zane ya yi da wannan iyaka, ya ja ta, ko ya goge ta, ko ya faɗaɗa ta, ko ya cika ta da duhu, shi ne abin da ya yarda da shi game da soyayya.

Aikin hannu

Bugun katako aikin hatimi ne, sai dai babba. Ana zana hoton a kan allo, a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a shafa tawada a kan abin da ya saura, a danna takarda. Hoton yana fitowa a juye, dama ta koma hagu. Kowane launi yana bukatar nasa allon, kuma dole takardar ta sauka daidai wuri ɗaya a kowane bugu, in ba haka ba leɓe ya kauce wa leɓe. Bugun dutse kuwa wani mutumin Munik, Alois Senefelder, ya gano shi a ƙarshen ƙarni na 18. Ana zane da alli mai maiƙo a kan shafaffen dutsen farar ƙasa, a jiƙa dutsen da ruwa, a bi shi da tawada mai mai. Tunda ruwa da mai ba sa shiri, tawadar ba ta kama ko'ina sai inda allin ya bi. Bugun tagulla shi ne wanda ake karce faranti da allura, wani lokaci a sa ruwan asid ya ci layin, tawada ta kwanta a cikin ramin.

Turawa sun daɗe da sanin waɗannan duka. Abin da ya farfaɗo da su shi ne Japan. Bayan ƙasar ta buɗe tasoshinta ga baƙi a shekarun 1850, hotunan bugun katako na Japan suka riƙa kwarara zuwa Faris. Bing ɗin nan dillalinsu ne, ya fitar da mujalla a kan fasahar Japan daga 1888 zuwa 1891, kuma a 1890 ya shirya wani gagarumin baje kolin hotunan a makarantar koyon zane ta Faris. A nan matasan masu zane suka ga ana iya faɗin abu mai nauyi da layi ɗaya da launi shimfiɗaɗɗe. Suka ga aikin Utamaro, wanda a wani hotonsa na 1788 ya zana masoya biyu a bene, matar ta ba mu baya, kanta ya rufe fuskar namijin, ba a ganin komai nasa sai ɗan gefen ido. Ba'amurkiyar mai zanen nan Mary Cassatt ta fito daga baje kolin ta je ta yi jerin hotuna goma masu launi, cikinsu har da uwa tana sumbatar ɗanta. Ƙaunar uwa ce, ba ta masoya ba, amma darasin ɗaya ne: kusanci yana fitowa ne daga yadda aka jera jiki kusa da jiki.

Hotunan zamanin sun kasu gida biyu. Akwai na titi, wato fastocin talla, waɗanda dokar 'yancin buga jaridu ta Faransa ta 1881 ta buɗe musu bangaye. Sarkinsu Alphonse Mucha ne, ɗan Morabiya, wanda ya yi suna da fastar wasan kwaikwayon Gismonda ta Sarah Bernhardt a watan Janairu na 1895. Matan Mucha kyawawa ne, gashinsu ya fi na kowa murɗewa, amma kusan kullum su kaɗai ne. Ba su da masoyi a cikin hoton domin mai wucewa ake so ya ɗauka shi ne, ya sayi tikiti ko takardar naɗa taba. Wannan yaudarar kasuwa ce, kuma ba na lissafa ta cikin soyayya. Sai kuma na jaka: 'yan kwafi kaɗan, talatin ko ɗari, da ake ajiyewa a cikin kwali, a fito da su a ɗaki, a riƙe da hannu, mutum ɗaya ko biyu su duba. A wannan gida na biyu ne aka yi maganar gaskiya.

Kada mai karatu ya ɗauka Turai ta wancan lokaci ba ta san kunya ba. A Faransa, wani sanata mai suna René Bérenger ya shafe shekaru yana farautar hotunan da yake ganin sun keta haddi a tituna. A Jamus, majalisa ta yi ta ja-in-ja a kan wata doka da aka sani da Lex Heinze, wadda ta nemi hana nuna hotunan da ke taɓa mutunci, har aka zartar da ita a sassauce a 1900 bayan marubuta da masu zane sun yi ca. Sumba a takarda magana ce mai nauyi a lokacin.

Sumba biyu

Behrens ya warware matsalar ta hanyar tsame masoyansa daga duniya. Fuskokin nan biyu kusan tagwaye ne, babu gemu, babu ɗan kunne, babu wata alama da za ta bambanta su in ban da launin gashi. Layin da ya raba su yana nan, siriri, mai tsabta, kowa da hancinsa da haɓarsa. Haɗuwar tana can a gashi, inda ba a san na wane ne wannan ba. Hoto ne mai natsuwa da daidaito, babu wanda ya rinjayi wani. Sai dai in ka daɗe kana kallonsa za ka lura ba mutane kake kallo ba, tsari kake kallo. Waɗannan biyun ba su da suna, ba su da jiya, ba su da gobe, kuma gashin da ya ɗaure su ya fi su rai. Ban yi mamaki ba da na san inda rayuwa ta kai mai zanen: a 1899 ya koma unguwar masu fasaha ta Darmstadt, a 1907 kamfanin lantarki na AEG ya ɗauke shi ya tsara masa komai daga fanka zuwa tambari, a 1909 ya gina masa katafaren ɗakin ƙera injuna a Balin. A ofishinsa masu tsara gine-gine Walter Gropius da Mies van der Rohe da Le Corbusier suka yi aiki suna samari. Hannun injiniya ya riga ya bayyana a cikin Sumba.

Edvard Munch, ɗan Nowe, wani mutum ne daban. An haife shi a 1863. Tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa yana ɗan shekara biyar, ya kashe yayarsa Sophie a 1877. Mahaifinsa likitan soja ne mai tsananin riƙon addini. Soyayyarsa ta farko da matar wani ya yi ta, ta bar masa kishi da jin laifi waɗanda bai rabu da su ba. Da ya kawo zane-zanensa Balin a 1892, mako guda aka yi aka rufe baje kolin saboda hayaniyar da ya tayar.

Munch ya yi ta komawa kan hoton sumba fiye da shekara goma, kuma abin lura shi ne kowace komawa ragewa yake yi. A zanen fenti na 1892 masoyan suna laɓe a gefen taga, ana hango titi da fitilu. A bugun tagulla na 1895 tagar tana nan, labulen yana nan. Daga 1897 ya koma katako, sai taga ta tafi, ɗaki ya tafi. A bugun 1902 ya ɗauki zarto ya yanke siffar masoyan daga allon, ta zama dunƙule ɗaya baƙi, ya buga ta a kan sawun wani allo da bai sassaƙa ba sam. Jijiyoyin itacen, da idon reshe, su suka zama iska da dare da ruwan sama a bayansu. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Munch ya hana mu fuskar. Inda ya kamata a ga idanu huɗu da hanci biyu, fili ne guda ɗaya mara komai, kawuna biyu sun narke sun zama ɗaya. Hannayen kaɗai suka rage a matsayin shaida cewa mutum biyu ne, 'yan layuka farare a cikin baƙi.

Shin wannan cikar buri ce ko halaka? Marubucin nan na Suwidin, August Strindberg, wanda ya san Munch, ya yi sharhi a mujallar La Revue blanche ta Faris a 1896, inda ya fassara sumbar Munch da cewa ɗaya ne ke shirin haɗiye ɗaya. Strindberg mutum ne mai mugun zato ga mata, kuma fassararsa ta fi nuna shi fiye da hoton. Amma bai ƙirƙiri tsoron ba. Munch ya yi wani hoton na mace mai jan gashi ta sunkuya a kan wuyan namiji, ya sa masa suna So da Raɗaɗi, abokinsa Stanisław Przybyszewski ya kira shi Mai Shan Jini, sunan kuma ya bi shi har yau. A bugun dutse na 1896 mai suna Rabuwa, mace ta juya ta nufi bakin teku, gashinta ya miƙe baya ya maƙale a jikin namijin da ta bari. Gashin da ya zama ado a hannun Behrens, a hannun Munch igiya ce mai ja.

Ni dai ina ganin Sumbar 1902 ta ɗauki abu biyun tare, kuma shi ya sa ta fi ta Behrens nisa. Duk wanda ya taɓa so da gaske ya san daɗin mantawa da kai, ya kuma san fargabar da ke biyo baya. A shekarar ce kuma, 1902, rigimarsa da Tulla Larsen, wadda suka yi alkawarin aure, ta ƙare da harbin bindiga da ya lalata masa yatsa a hannun hagu.

Littafin saurayi

A Faris akwai wani mai buga dutse, Auguste Clot, wanda Munch ma ya yi aiki da shi. A madaba'arsa aka buga jerin hotuna 12 da bango na Maurice Denis mai suna Amour, wato So, wanda dillalin zane Ambroise Vollard ya fitar a 1899, kwafi 100. Denis Bakatolike ne mai ibada. A ƙarƙashin kowane hoto akwai ɗan layin rubutu da ya ciro daga abin da ya rubuta lokacin da yake neman Marthe Meurier, wadda ya aura a 1893.

A nan babu baƙi. Launukan duk sun yi sanyi, ruwan hoda, da kore-kore, da ruwan ƙwai mai haske, kamar an wanke su. Budurwa a lambu, budurwa da furanni, budurwa kusa da fiyano, fitila a ɗaki. Shi saurayin da wuya ka gan shi, domin idonsa ne muke kallo da shi. Iyakar da Munch ya goge, Denis faɗaɗa ta ya yi, ya bar tazara, ya cika ta da ladabi da jira. Mai karatun da ya san zance a ƙofar gida, inda ake faɗin kaɗan a bar da yawa, ba zai sha wahalar gane wannan littafi ba. Wasu na ganin zaƙinsa ya yi yawa. Ban yarda ba. Mutumin da ya yi shekara shida da aure ya koma ya buga kwanakin neman matarsa da irin wannan taushi, ya cancanci a saurare shi.

Ɗakuna goma

Denis da Félix Vallotton 'yan ƙungiya ɗaya ne, ta matasan masu zane da ake kira Nabis, amma abin da suka gani a aure ya yi hannun riga. Vallotton ɗan Lozan ne ta ƙasar Suwizalan, an haife shi a 1865, kuma shi ne ya fi kowa dawo da martabar bugun katako a Faransa. A 1898 La Revue blanche ta fitar da jerin hotunansa goma mai suna Intimités, al'amuran cikin ɗaki. Baƙi da fari ne zalla. Kowane hoto namiji ne da mace a falo ko ɗakin kwana na masu hali, da kujeru masu laushi, da labule, da fitila. Sunayen kaɗai sun isa labari: Ƙarya, Nasara, Kuɗi, Ƙarfe Biyar, Lafiyar Wancan, Abin da Ba Ya Gyaruwa.

Sai an san zamanin ake jin zafinsu. A gidajen masu kuɗi na Faransa, aure ciniki ne tsakanin iyalai, kuma iyayen amarya ne ke kawo dukiya, har ana auna darajar yarinya da abin da za ta zo da shi. An hana saki tun 1816, ba a dawo da shi ba sai 1884. Dokar laifuka ta tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyu ga matar da ta ci amanar aure, mijin kuwa tara kawai zai biya, ita ma sai in ya ajiye farkarsa a gidan aurensa. Ƙarfe biyar na yamma, tsakanin tashi daga ofis da komawa gida, kowa a Faris ya san lokacin su wane ne.

A dubi Kuɗi da kyau. Mace sanye da farar riga tana tsaye a can gefen hagu, a bakin taga, ta kawar da kai tana kallon waje. Namiji ya matso daf da ita yana magana, tafin hannunsa a buɗe. Kwat ɗinsa baƙi ne, kuma ba shi da ƙarshe: ya haɗe da duhun ɗakin, duhun ya tafi har bangon dama, ya cinye wajen kashi biyu cikin uku na takardar. Vallotton bai sassaƙa komai ba a wannan fili, ya bar katakon yadda yake. Amma wannan wurin da bai taɓa ba shi ne maganar duka. Nauyin mutumin ne, da dukiyarsa, da abin da yake tayawa, duk sun tura matar zuwa ɗan siririn hasken da ya rage mata. Ban san wani hoto da ya nuna matsin lamba da kayan aiki kaɗan irin wannan ba.

A Ƙarya kuwa, su biyun suna nutse a kujera, ta kwanto a jikinsa, bakinta kusa da kunnensa, ratsin bangon ɗaki a tsaye a bayansu. Jikinsu ya haɗe kamar na masoyan Munch, wanda bai karanta sunan ba zai ce ƙauna ce tsantsa. Sunan ne ke sa ka koma ka sake duba, kuma mai zanen bai ce wane ne maƙaryacin ba. Masu sharhi da yawa sun ɗora wa matar, suna cewa Vallotton ba ya ƙaunar mata. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, don a wasu hotunan ita ce ke cin nasara shi yana kuka. Sai dai mazan nasa ma ba abin yabo ba ne, masu saye ne da masu lallashi don biyan bukata. Tsarin ne yake tuhuma, wanda ya mayar da ɗakin aure wurin ciniki.

Kwafin da aka buga ba su wuce talatin ba. Da aka gama, Vallotton ya yayyanka allunan goma, ya ɗauki guntu ɗaya daga kowanne, ya jera su ya buga a takarda guda don masu saye su tabbata ba za a ƙara bugawa ba. A 1899 ya rabu da Hélène Chatenay, mai ɗinkin da suka daɗe tare, ya auri Gabrielle Rodrigues-Henriques, gwauruwa mai dukiya daga gidan Bernheim, manyan dillalan zane na Faris. Daga nan ya rage sassaƙa ya koma fenti. Ba na kawo wannan don in kama shi da laifi. Ina kawo shi ne don a san mutumin bai zana ɗakunan nan daga nesa ba, yana bakin ƙofarsu lokacin da yake sassaƙa su.

Salon Art Nouveau kansa bai yi tsawon rai ba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 an riga an gaji da lanƙwasa, an koma layi miƙaƙƙe. Amma matasan Jamus na ƙungiyar Die Brücke, da aka kafa a Dresden a 1905, sun ɗauki wuƙar daga inda Munch da Vallotton suka ajiye ta, ba daga inda Mucha ya tsaya ba.

Yau ba sai an je Turai ba. Gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam ya sa tarin hotunansa na bugun Faransa a intanet, cikinsu har da na Denis da na Vallotton, gidan tarihin Munch da ke Oslo ma ya yi haka da nasa. Ɗalibanmu na zane a Zariya da Kano da Maiduguri, da masu tsara bangon littattafan soyayya, su buɗe Kuɗi da Sumbar 1902 a babban allo, su ƙirga layukan da ke ciki, sannan su nemi guntun katako da wuƙa su gwada.